Taurari Biyar, Wanka Da Bokiti



Tun da kwamitin shirye-shirye ya kawo shawarar a kama wa baƙin taronmu na shekara ɗakuna a ɗaya daga cikin manyan otal-otal na GRA nake jin magana ɗaya tana yawo a bakin mutane: wai mutuncin Abbaganaram ne, wai kada a ce mun gaza, wai ɗan unguwa da ya taso daga Abuja ko Legas ba zai kwana a wurin da bai kai matsayinsa ba. Ni ban yarda ba, kuma ba rowa ce ta sa ba. Da a ce abin da za a biya kuɗin dominsa ana samunsa, da sai mu tsaya a kan tambayar ko muna da hali ko ba mu da shi. To ba a samunsa. Mafi yawan abin da ake kira otal na alfarma a garin nan suna ne da doguwar katanga da fitilu masu launi a bakin ƙofa. Wanda ya biya ya kwana ya sani, sai dai kunya ba ta barinsa ya faɗa, don kada a ce bai saba shiga irin wuraren ba.

Mu fara da taurarin nan da ake jerawa a jikin allo. Wa ya ba su? A ƙasashen da abin yake da ma'ana, tauraro sakamakon jarrabawa ne. A Turai, ƙungiyoyin masu otal na ƙasashe irin su Jamus da Austiriya da Suwizalan sun haɗu a 2009 suka kafa tsari guda mai suna Hotelstars Union, suka rubuta sharuɗɗa dalla-dalla: girman gado, awannin da dole a sami mai karɓar baƙi a kan teburinsa, abin da dole ya kasance a banɗaki, da sauransu. Ana zuwa a duba kafin a ba ka, kuma ana komowa bayan 'yan shekaru a sake dubawa. Alhazanmu ma shaida ne, a Saudiyya ma'aikatar yawon buɗe ido ce ke ba otal lasisi da daraja, kuma tana rufe wanda ya saɓa. Ko shahararren otal ɗin nan na Dubai, Burj Al Arab, da ake ta cewa mai taurari bakwai ne, babu hukumar da ta ba shi bakwai, laƙabi ne da ya fito daga bakin 'yan jarida ya bi shi.

A Najeriya kuwa an je har Kotun Ƙoli a kan wannan magana. A watan Yulin 2013, a shari'ar da aka yi tsakanin gwamnatin tarayya da ta jihar Legas, kotun ta yanke cewa rajistar otal da ba shi lasisi da ƙayyade darajarsa hurumin jihohi ne, ba na hukumar yawon buɗe ido ta tarayya ba. Ke nan a Borno nauyin yana wuyan gwamnatin jiha. Amma ni duk otal ɗin da na shiga a Yerwa, na ga hoton shugaban ƙasa da na gwamna a bango, na ga jerin agogo masu nuna lokacin Landan da Makka da Dubai, galibi biyu sun tsaya, ban ga takardar da ke cewa hukuma kaza ta zo ranar kaza ta duba ta ba wannan wuri taurari kaza ba. Mai otal ne ya zauna ya ba kansa, ya kira mai rubuta allo ya ce a sa biyar. Ɗalibi ne ya rubuta jarrabawa, ya gyara da kansa, ya ba kansa na ɗaya, mu kuma muka zo muna biyan kuɗin walima.

Kada a ce ina magana a kan jita-jita. A bazarar da ta wuce surukina ya zo daga Potiskum ganin likita a asibitin koyarwa. Dattijo ne mai hawan jini, ga zafin watan Afrilu, wanda kowa ya san a garin nan yana haura digiri 40 ba tare da neman izinin kowa ba. Na kama masa ɗaki a wani otal da ba zan kama sunansa ba, ɗaya daga cikin waɗanda ake nunawa da baki idan an wuce. An ce mini naira 85,000 kwana ɗaya. Da aka kawo takardar biya sai ga ƙarin kashi 10 cikin ɗari wai kuɗin hidima, ga harajin VAT na kashi 7.5, jimla naira 99,875. Na biya, don abu ɗaya nake so, dattijon ya kwana cikin sanyi.

Da muka shiga ɗakin abu na farko da idona ya faɗa a kai shi ne bokiti da ɗan kofin roba a tsakiyar banɗaki. Ku lura da wannan bokitin, 'yan uwa, domin shi ne shaidar da ta fi kowace ƙarfi. Ba mantuwa aka yi aka bar shi ba. An ajiye shi ne saboda masu wurin sun san shawar ba ta aiki, sun sani tun da daɗewa, sun kuma yanke shawarar cewa sayen bokiti ya fi kiran mai gyaran famfo sauƙi. Na'urar sanyaya ɗaki tana ruri kamar injin niƙa, tana ɗigar ruwa a kan labule. Rimot ɗin talabijin an naɗe shi da salatif. Intanet ɗin da aka rubuta kyauta ne, yana nan a suna, ba ya buɗe ko saƙo ɗaya. Wajen ƙarfe ɗaya na dare aka ɗauke wuta, aka ta da ƙaramin janareta, sai aka ce wai ba ya ɗaukar na'urar sanyi, babban kuwa ba a kunna shi sai baƙi sun kai wani adadi. Dattijo ya ƙarasa daren a zaune bakin taga yana fifita da kwalin da aka rubuta jerin abinci a jiki.

Abin da ya fi ba ni haushi ma ba wannan ba ne. Ya nemi buta da darduma, babu. Ya tambayi alƙibla, yaron da ya kawo kaya ya tsaya yana juye-juye. A Yerwa fa, garin da ake turo yara daga ko'ina don karatun Alƙur'ani. An sayo fitilar lu'ulu'u daga Dubai an rataya a zaure, amma ba a iya liƙa 'yar kibiya a silin ba. Da safe na nemi a rage mini wani abu, sai yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ta nuna mini takarda a bango mai cewa ba a mayar da kuɗi, ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, manaja ya fita." Ban ga laifinta ba. An sa ta a gaba ne ta riƙa shanye faɗan da ba ita ta jawo ba.

Wani zai ce tsautsayi ne na dare ɗaya. Ku tambayi duk wanda ya saukar da dangin ango ko na amarya a irin waɗannan wurare. Labarin kusan guda ne, sunan otal ɗin kawai ke canzawa.

To me ya sa haka, alhali kuɗi suna shiga? A nan ne nake so mu tsaya mu yi tunani, domin amsar ita ce ke nuna cewa ba mu aka gina wa waɗannan wurare ba. Daga wajajen 2015 zuwa 2016, lokacin da duniya ta farga da girman bala'in da Boko Haram ta jefa mu a ciki, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji na waje suka cika Maiduguri. Duk mun ga abin da ya biyo baya. Kuɗin hayar gida a GRA ya tashi sama, ana biyan shekara biyu ko uku a dunƙule, gidajen kwana suka riƙa tsirowa kamar ciyawar damina, wasu ma gidajen zama ne aka yi wa fenti aka rataya allo. Babban mai sayen ɗaki ya zama ƙungiya ko ma'aikatar gwamnati mai shirya taron bita. Kuma a irin wannan ciniki, wanda ya kwana a ɗakin ba shi ne ya biya ba, wanda ya biya kuma ba shi zai kwana ba. Jami'in da ke sa hannu a takarda abin da yake dubawa shi ne tsayin katanga, da wayar da ke kanta, da masu gadi, da ƙofar fita ta baya, da zauren taro, da ko za a ba shi rasit yadda yake so. Ba ya shiga banɗaki ya murɗa famfo. Mahalarcin taron kuwa da aka kawo daga ƙaramar hukuma, an ba shi ɗaki kyauta da alawus, ina shi ina ƙorafi?

Shekara kusan goma ana wannan ciniki, sai masu otal suka koyi darasin da kasuwa ta koya musu: ka faranta wa mai sa hannu, baƙo ya yi haƙuri. Farashi ya daidaita da aljihun da ake cikawa da dala, hidima kuma ta daidaita da baƙon da ba ya magana. Idan kai ɗan Abbaganaram ka ɗauki kuɗin gumin jikinka ka shiga, farashin mai dala za ka biya, hidimar marar baki za a yi maka. Tsaron da ake sayarwa gaskiya ne yana da daraja a wurin Bature ko ma'aikacin agaji da ƙa'idar aikinsa ta hana shi kwana ko'ina. Amma ɗan unguwar da aka haifa a bayan kasuwar Abbaganaram, wanda ya san kowane lungu, katangar me za mu saya masa?

Yanzu kuma iska ta juya. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ƙasashen waje, aka wargaza hukumar USAID, ayyuka da dama suka tsaya, matasanmu da yawa suka rasa aiki. Wannan masifa ce ga masu cin abinci da magani daga wannan tallafi, ba abin murna ba ne. Sai dai tana nufin cewa otal-otal ɗin da suka saba raina ɗan gari za su fara waiwayarsa. Yau mu ne masu biki, mu ne masu taron ƙungiya, mu ne masu baƙi. In akwai lokacin da ya kamata mu ɗaga murya mu ce ba za mu biya kuɗin shawa a ba mu bokiti ba, to yanzu ne. Kuma a daidai wannan lokaci ne kwamitinmu yake so mu kai musu kuɗi da hannu biyu ba tare da tambaya ba.

Na san hujjar masu otal, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Za su ce wuta. Gaskiya ne. A watan Janairun 2021 'yan ta'adda suka tarwatsa turakun babban layin lantarki da ya taso daga Damaturu, aka gyara a watan Maris, ba a yi mako ba suka sake fasa shi, garin nan ya daɗe a cikin duhu. Sai a watan Maris na 2023 Shugaba Buhari ya zo ya buɗe tashar gas mai megawat 50 da NNPC ta gina, ita ma ba kullum take wadatar da gari ba. Dizal ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Za su ce ambaliya ta lalata kaya, za su ce kayan gyara daga Kano ko Legas ake kawowa, hanya kuma ba kullum take da daɗi ba. Duk na yarda. Wanda ke riƙe da otal a Maiduguri yana fama, kuma yana ba yaranmu aiki.

Amma wannan hujjar tana bayyana dalilin tsada ne, ba ta halatta ƙarya ba. In dizal ya yi tsada, ka rubuta a teburin karɓar baƙi cewa na'urar sanyi tana aiki daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, in ga dama in kwana, in ga dama in tafi. In shawa ta lalace a ɗaki, ka rufe ɗakin ko ka rage kuɗinsa. Mai shayi a bakin titi idan madara ta ƙare yana faɗa maka kafin ya zuba ruwan zafi. Mai sayar da ƙanƙara a unguwar nan ya san yadda ya haɗa sola da batir ya riƙe firjinsa a shekarun duhu. Mutumin da ya iya shimfiɗa marmara daga bakin ƙofa har bene na uku ba zai ce mini ya rasa kuɗin famfo ba. Ba kuɗin ne babu ba. Marmara ana ganinta a hoto, famfo kuwa sai an biya an shiga ake sanin halinsa.

Wasu kuma daga cikinmu za su ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, Najeriya ce, a yi haƙuri. To ai ba rariya aka ce mini ana sayarwa ba, tulu aka ce, kuma kuɗin tulu na biya. Wannan haƙurin namu ne ya kashe manyan otal-otal na Arewa tun kafin a haifi waɗannan sababbin. Durbar Hotel na Kaduna, da aka gina don bikin FESTAC na 1977, ya zama kango tun kafin a rushe shi a watan Janairun 2020. Maiduguri International Hotel da iyayenmu suke alfahari da shi ya shafe shekaru a yashe muna wucewa muna kallo. Mun iya gini, mun iya yanka ƙyalle ranar buɗewa, ba mu iya ware kuɗin gyara ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Sabon otal a garin nan shekararsa ta farko ce kawai amarci, daga nan sai a fara naɗe rimot da salatif.

Kuma haƙurin ba dole ba ne, domin akwai doka. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba wanda ya biya kuɗin hidima haƙƙin a yi masa ita da ingancin da mai hankali zai sa rai, in ba a yi ba a gyara ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Ta hana tallan yaudara, ta wajabta a bayyana farashi, ta kuma ba mutum damar soke ɗakin da ya kama tun da wuri, a cire wani abu daidai gwargwado a ba shi saura. Takardar da aka liƙa a bango mai cewa ba a mayar da kuɗi ba ta fi dokar ƙasa ƙarfi ba. Mu ne ba ma tambaya.

Sai kuɗin hidimar nan na kashi 10. Yaran da ke share ɗakuna da wanke zannuwan gado da tsayuwa a ƙofa cikin rana, da yawansu 'ya'yan unguwanni irin tamu ne, daga Gwange, daga Shehuri, daga Bulabulin, daga nan Abbaganaram. Duk wanda yake da ƙane ko ɗa a irin wannan aiki ya tambaye shi yau da dare: wannan kashi 10 da ake karɓa da sunanku, kuna ganinsa a ƙarshen wata? Albashinku ya kai naira 70,000 da dokar 2024 ta sa a matsayin mafi ƙaranci? Ku ji amsar da kunnenku. Ma'aikacin da ke bin bashin albashi ba zai yi wa baƙo murmushi daga zuciya ba, kuma ba za a koya masa inda alƙibla take ba tunda ba a ɗauke shi da niyyar ya daɗe ba.

Yanzu mu zo kan maganar mutunci, tunda ita ce takobin da ake zaro mana. Yaushe mutuncin baƙo a Borno ya koma kwana a ɗakin haya? Ƙasar nan ta san saukar baƙi tun kafin a san otal. Denham da Clapperton sun iso Kukawa a 1823 Shehu El-Kanemi ya sauke su, Barth ya zo a 1851 Shehu Umar ya ba shi gida. Kalmar fatoma da fatake ke amfani da ita har ƙasar Hausa daga nan ta fita, kuma har gobe tana raye a Kasuwar Shanu: mutumin da zai sauke ka a gidansa, ya ciyar da kai, ya ajiye maka dukiya, ya tsaya maka a ciniki, in an cuce ka sunansa ne ya ɓaci. Fatoma ba shi da tauraro ko ɗaya, amma yana da abin da otal-otal ɗinmu suka rasa, wato yana jin kunyar baƙonsa ya kwana cikin wahala. Marigayi Alhaji Mai Deribe yana da otal mai sunansa a garin nan, amma da Yarima Charles da Gimbiya Diana suka zo Maiduguri a 1990, a gidansa ya karɓe su. Addini ma da ya yi maganar haƙƙin baƙo na kwana uku, a wuyan mai gida ya ɗora shi, bai ce a miƙa shi ga manajan da ya fita ba.

Ɗan unguwar da ya shekara goma a Abuja ba kewar otal yake yi ba. Transcorp Hilton na nan a gabansa tun 1987, ya ga na gaske, in muka kai shi na kwaikwayo dariya zai yi a ransa ya yi shiru don kara. Abin da ya yi kewa shi ne burabusko da miyar kuka daga tukunyar gida, da shayi a ƙofar gida bayan isha'i, da kiran sallar masallacin da ya yi karatun allo a cikinsa. In muka kai shi GRA muka rufe a bayan katanga, mun raba shi da abin da ya zo nema, sannan mun biya kuɗi a kan haka.

Ban ce kowa yana da ɗakin saukar baƙo ba. Gidajenmu sun cika, wasu suna riƙe da 'yan uwan da suka gudo daga ƙauyuka shekara da shekaru, wasu har yau ba su gama ta da bangon da ruwa ya kayar ba. Akwai baƙon da ke da iyali, akwai marar lafiya, akwai wanda shi da kansa ya fi son keɓewa. Ga irin waɗannan akwai matsakaitan gidajen saukar baƙi masu tsabta, waɗanda ba su yi alkawarin aljanna ba, fanka da sola da ruwa a famfo, a kan kaso kaɗan na wancan farashi. Wanda kuma yake da hali ya ce shi sai babban otal, aljihunsa ne, Allah ya ƙara buɗi. Faɗana a kan asusun ƙungiya ne.

Ga lissafin. Baƙi 12 kwamiti ya ambata, kwana biyu-biyu. A farashin da ni na biya, kusan naira 2,400,000 ke nan, ban da abinci. Albashin ƙaramin ma'aikaci ne na wata 34. Wannan kuɗi daga ina ya fito? Daga ɗari biyar ɗin mai kayan miya, da dubu ɗayan mai Keke Napep, da abin da zawarawa suka ƙulla a bakin zane suka kawo. Kuma a wace unguwa? A unguwar da ranar 10 ga Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, mutane suka fita da kayan jikinsu kawai, ruwan da ba a ga irinsa ba tun na 1994. Mun ga yadda ya shiga fadar Shehu, ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga asibitin koyarwa, mu kuwa ya shafe mu har rufin ɗaki a wasu gidaje. Har yanzu akwai magudanun da yashi ya toshe, akwai masai da suka rufta ba a sake haƙawa ba, akwai yaran da littattafansu suka tafi da ruwa ba a maye musu ba. Damina kuma ba ta fasa zuwa. Wane baƙo ne mai hankali, ɗan asalin wannan unguwa, zai ji daɗin barci idan ya san an kwashe kuɗin yashe kwata an biya masa ɗakin da zai yi wanka da bokiti?

Ranka ya daɗe shugaba, da iyayenmu na kwamiti, ba raini ba ne, kuma na san niyyarku alheri ce. Amma in kun dage sai otal, to a tura mutum biyu su je da rana tsaka, ba da yamma da aka kunna fitilu ba. Kada su tsaya a zaure. Su ce a buɗe musu ainihin ɗakunan da za a ba mu, ba ɗakin nuni ba. Su murɗa famfo, su ja ruwan masai, su ɗaga zanin gado su dubi katifa, su kunna na'urar sanyi su zauna minti goma. Su tambayi ƙarfe nawa ake kashe babban janareta, a rubuta musu amsar a takarda da sa hannun manaja, tare da jimlar kuɗi har da haraji da abin da za a mayar idan aka saɓa. Su tambayi takardar da ta ba wurin taurarinsa. In an kawo, ni zan fara yi musu talla. Kuma ƙungiya ta rubuta wa ɗan majalisarmu na jiha ta tambaye shi wace hukuma ce ke duba otal-otal a Borno, yaushe ta duba na ƙarshe, kuma me ya hana a buga sakamakon kowa ya gani, tunda Kotun Ƙoli ta ce aikin jiha ne.

Shawarata dai ita ce a raba baƙin nan a gidaje. Na yi magana da maƙwabtana biyu, kowannensu ya yarda zai ɗauki mutum ɗaya, ni ma ɗakin zaurena yana nan, da fanka mai aiki da sola da buta da darduma. Saura tara. Wanda yake da wuri ya sanar da sakatare kafin zaman kwamiti na ranar Asabar, a kuma sa maganar magudanar ruwa a ajandar zaman.